Manyan tayoyi da gwajin daino: injin ne ya rage ƙarfi, ko na'urar ce ke faɗin wani abu daban?

A Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu motocin a-kori-kura irin su Ford F-150, Toyota Tundra da Ram, har da masu Jeep. Mutum zai sayi mota, ya cire tayoyin da kamfani ya sa mata ya ɗora wasu ƙatti masu tsayin inci 35 ko 37, sannan ya kai ta gareji a hau da ita kan na'urar gwajin ƙarfin mota, wato daino. Takarda na fitowa sai ya ga lambar ba ta kai wadda kamfani ya rubuta ba, wani lokacin ma ba ta kai wadda abokinsa mai irin motar ya samu ba alhali abokin bai taɓa tayarsa ba. Daga nan sai kowa ya kama nasa, wani ya ce tayoyin sun cinye masa ƙarfin doki 30, wani ya ce na'urar garejin ce ba ta da kyau, wani kuma ya ce ai taya ba ruwanta da ƙarfin injin. Kowannensu akwai inda ya yi gaskiya, amma abubuwa uku ne daban-daban ake cakuɗawa wuri ɗaya, shi ya sa maganar ke rikicewa.

## Abin da daino yake aunawa

Daino iri biyu ne tun daga tushe. Akwai na injin, wanda ake ciro injin daga mota gaba ɗaya a ɗaura shi a jikin na'ura a auna abin da yake fitarwa kai tsaye. Da irin wannan kamfanoni ke samun lambar da suke bugawa. Misali F-150 ta 2021 mai injin V8 lita 5.0, Ford ya ce tana da ƙarfin doki 400 a juyi 6,000 a minti, to wannan a bakin injin ne, kafin ƙarfin ya bi ta giyabos, farfela, aksul da taya.

Na biyun shi ne na gareji, wanda motar ke hawa da ƙafarta. Tayoyin da ke ja suna zama kan wata babbar gangar ƙarfe da ke juyawa, a ɗaure motar da bel gaba da baya, a sa ƙatuwar fanka gaban lagireto tunda babu iskar hanya, direba ya zaɓi giya ɗaya ya danne totur har ƙasa. Abin da na'urar ke gani shi ne abin da ya iso jikin gangar kawai. Duk abin da ya zube a hanya, a mai na giyabos, a haƙoran aksul, a robar taya, ba ta san da shi ba. Shi ya sa ko motar da ba a canza mata komai ba ba za ta nuna 400 a nan ba. Masu sana'ar sukan ce a cire kashi 15 cikin 100, amma wannan ƙiyasi ne na baki, a babbar mota mai giya otomatik da aksul mai nauyi yakan fi haka.

Shi ma na garejin ya kasu. Akwai wanda gangarsa nauyi ce zalla, an san nauyinta, kwamfuta na duba saurin da mota ta ƙara mata gudu sai ta lissafa ƙarfin, Dynojet ya yi suna a irin wannan. Akwai kuma mai birkin lantarki a jikin gangar, wanda zai iya riƙe motar a gudu ɗaya tana ta ja yana auna ƙarfin jan, irin na kamfanin Mustang Dynamometer. Sai na uku wanda ake kwance tayoyin ma gaba ɗaya a ɗaura na'urar a inda taya ke zama, irin su Dynapack na ƙasar New Zealand. A riƙe wannan bambancin, don kusan rabin gardamar a kansa take.

Wani abin lura, gangunan da ake gani a cibiyoyin duba lafiyar mota na kwamfuta a Legas da Abuja ba wannan ba ne, su birki suke gwadawa.

Sai kalmomi biyu da ke kan kowace takardar daino. Ƙarfin murɗa shi ne yadda injin ke murɗa sandarsa, ana auna shi da Nm, Amurkawa kuma da lb-ft. Ƙarfin doki kuma shi ne murɗar nan a haɗa ta da saurin juyawa, wato yawan aikin da injin ke yi a cikin lokaci. A lissafin Amurkawa, ka ninka ƙarfin murɗa da juyin injin ka raba da 5,252 ka samu doki, kuma doki 1 kusan wat 746 ne.

## Me ya sa ake sa manyan tayoyin tun farko

Ba ado kaɗai ba ne, ko da yake ado na ciki sosai. Idan ka ɗaga mota ta wajen sifirin da shokazoba bodi ne ya tashi, amma kwandon aksul na nan inda yake, kuma shi ne yake fara dukan dutse. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tayar da F-150 mai ja da ƙafa huɗu ke yawan zuwa da ita, 265/70R17, tsayinta inci 31.6. Ka sa mai inci 35 ka ƙara inci 3.4, rabinsa ne ke zama ƙarin tazara daga ƙasa, wato inci 1.7, santimita 4 da 'yan kai. A kwalta wannan ba komai ba ne, amma a duwatsun Moab na jihar Utah ko a hamadar Baja ta Meziko, inda ake wani shahararren tseren motoci tun 1967, shi ne bambancin wucewa da maƙalewa. Kuma babbar taya idan an rage mata iska tana shimfiɗuwa kan yashi sosai, dalilin da ya sa kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Iceland ke sa wa Hilux tayoyi masu inci 35, 38 har 44 don tafiya kan ƙanƙara.

Da kamfanoni suka ga kasuwar sai suka shiga da kansu. Ford ya fito da Raptor a 2010 da taya mai kusan inci 35, a 2021 ya ƙara zaɓin inci 37. Yadda su kamfanonin suka yi nasu akwai darasi a ciki, za a zo kansa a ƙasa.

## Abu na farko: tsayin taya ya canza giya

Wannan ne babba, kuma shi ne wanda daino ba ya nunawa ƙarara.

Duk wanda ya taɓa kwance taya ya san idan noti ya ƙi, sai a zura bututu a sifana a ƙara mata tsayi, notin ya saki. To taya akasin haka take yi, don ita daga tsakiya ake murɗa ta, aikin kuma a baki ake yinsa, duk yadda bakin ya yi nisa da tsakiya haka turin da ke isa ƙasa ke raguwa. A ɗauki F-150 ɗin nan, ƙarfin murɗarta lb-ft 410 ne, kusan Nm 556, a ce giyar aksul ɗinta 3.73 ce, ma'ana sai farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau 1. A giyar da injin da farfela ke juyi ɗaya, idan ba a cire asara ba, turin da tsohuwar taya ke yi wa ƙasa ya kai nauyin kilo 527. Da taya mai inci 35 ya koma kilo 476. Kusan kashi 10 cikin 100 ya tafi, kuma a kowace giya haka ne, tun daga ta ɗaya. Aksul mai 3.73 ya koma aiki kamar mai 3.37.

Amma fa a daidai wannan juyin injin, babbar tayar ta fi cin ƙasa, duk zagaye ɗaya tana tafiyar mita 2.79 maimakon 2.52, wato ƙarin kusan kashi 11. Tunda ƙarfin doki turi ne a ninka da gudu, turi ya sauka gudu ya hau, sai lissafin ya koma inda yake. Shi ya sa masu cewa tsayin taya ba ya rage doki suke da gaskiya a takarda. Direba kuma da ya ce motarsa ta yi nauyin tashi, tana jan ƙafa a hawa, shi ma gaskiyarsa, don shi turin yake ji a jikinsa ba lambar doki ba.

Akwai wani kuskure da ke shigowa ta nan. Daino yana buƙatar sanin juyin injin kafin ya fitar da lambar murɗa. Idan an ɗauko juyin daga wayar fulogi ko daga kwamfutar mota babu matsala. Amma wasu garejin daga gudun gangar suke ƙiyasta shi, kuma idan mai aikin bai sake saiti ba bayan an canza taya, na'urar za ta ɗauka injin na juyi fiye da gaskiya da kashi 11, sai ta rage lambar murɗa da kusan haka, ta kuma tura ƙololuwar zanen gaba. Mai mota ya ga murɗa ta faɗi warwas ya tayar da hankalinsa, alhali saiti ne kawai.

## Abu na biyu: nauyi mai juyawa

Tayar kamfani mai girman 265/70R17 takan yi wajen kilo 18 zuwa 20. Tayar laka mai 35x12.50R17 takan haura kilo 30, ga shi mafi yawan nauyin a baki yake, a haƙora da wayar ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, ba a kusa da tsakiya ba. Kafin gangar daino ta samu rabonta sai injin ya fara biyan kuɗin juya waɗannan tayoyin, kuma muddin gudu na ƙaruwa ana ta biya.

A yi lissafi na misali. A ce kowace taya ta ƙara kilo 13, kuma a ce kilo 10 daga ciki ne ke aiki kamar a baki yake, tayoyi biyu na baya kilo 20 kenan. Idan gwajin ya tashi daga kilomita 80 zuwa 150 a awa cikin daƙiƙa 5, abin da wannan ƙarin nauyi zai ci a ƙarshen gwajin doki 4 ne zuwa 5. Idan na'urar ta riƙe motar gwajin ya ɗauki daƙiƙa 10, ya koma wajen doki 2. Idan kuma aka riƙe ta a gudu ɗaya cak ana auna ja, nauyin tayar bai ci komai ba, don abin da ke juyi a gudu ɗaya ba ya neman ƙarin ƙarfi saboda nauyinsa. Kun ga kenan mota ɗaya, taya ɗaya, rana ɗaya, za ta iya ba da lamba uku dangane da irin na'urar da yadda aka saita ta. Idan an haɗa da rim mai nauyi, musamman masu notina zagaye da baki na riƙe taya, lambar ta ƙaru.

Har ma akwai abin da ke ja ta ɗaya ɓangaren. Tunda babbar taya ta mayar da giya doguwa, injin na hawa a hankali, sai asarar juya kayan cikinsa da na giyabos ta ɗan ragu, injin mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska) kuma ya samu lokacin cika iska. Shi ya sa wani zai gwada ya ce shi kam bai ga wani bambancin kirki ba, kuma ba ƙarya yake ba.

## Abu na uku: roba a kan ganga

Hanya a shimfiɗe take, ganga kuma a lanƙwashe, saboda haka tana lotsa taya fiye da yadda kwalta ke yi. Duk lotsawa da miƙewa zafi ne, zafin kuma daga injin aka ciro shi. Tayar laka mai manyan haƙora da wawakeken fili tsakaninsu ta fi kowace shan wannan wahala, kowane haƙori sai ya lanƙwashe ya dawo. Idan gangar ƙarama ce abin ya fi muni, idan kuma irin mai ganguna biyu ce da taya ke zama tsakaninsu to wuri biyu ake lotsa ta a lokaci ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ita ma da ƙananan ganguna biyu take gwajin hayaƙin mota a da, daga baya ta koma babbar ganga ɗaya mai faɗin inci 48 wadda ta fi kama da hanya.

Sai iska da ɗauri. Taya mai ƙarancin iska ta fi lotsewa. Bel idan an ja shi da yawa ya danne motar, lamba ta sauka, idan kuma an sassauta tayar ta riƙa sulɓi kan ƙarfe, lamba ta sauka ta wata hanyar, zanen ya fito da kwari da tudu. Wannan asarar ta gaskiya ce, a hanya ma ana yinta kuma a fetur ake biya, sai dai ganga na ƙara mata gishiri.

## Wace giya, da maganar haɗari

A al'ada ana son a yi gwaji a giyar da injin da farfela ke juyi ɗaya, don a nan asara ta fi ƙanƙanta. A giyabos mai giya 10 da Ford da General Motors suka haɗa hannu suka ƙera, wanda ya fara fitowa a F-150 ta 2017, giya ta 7 ce haka. To a lissafa, juyi 6,000 a giya ta 7 da aksul 3.73 da taya mai inci 35, tayoyin na gudun kusan kilomita 270 a awa. Yawancin tayoyin laka harafin Q ne a jikinsu, ma'ana iyakarsu kilomita 160 a awa. S 180 ne, T 190, H 210. Ko a giya ta 5 gudun ya kai 177, sai an sauko ta 4 ake samun 152. Ga kuma kwamfutar motar da kanta tana yanke mai tun kafin a je can, kuma doguwar farfela tana da iyakar juyin da idan ta wuce shi takan fara rawa har ta karye, balle a motar da aka ɗaga wadda farfelarta ta riga ta karkace.

Saboda haka dole a sauko giya, kuma saukowar da kanta tana rage lamba, don gwajin ya zama gajere mai sauri, asarar nauyi mai juyawa ta ƙaru. Wanda ya gwada a ta 4 ba zai haɗa takardarsa da ta wanda ya gwada a ta 6 ba.

Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu garejin ke ƙin karɓar mota mai tayar laka sam. Tsakuwar da ta maƙale a haƙori idan ta fito a gudun 150 cikin rufaffen ɗaki ba wasa ba ce, shi ya sa ake bin tayar ana cire su ɗaya bayan ɗaya kafin a fara. Ana duba shekarar taya, lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara. Ana duba ko faɗin motar bai wuce gangar ba. Motar da ake iya sa wa ja da baya kaɗai sai a sa ta a 2H, wato saitin ja da ƙafa biyu, a kashe na'urar hana sulɓi, amma wadda ke ja da ƙafa huɗu kullum, irin Land Cruiser 200 ko Ram TRX, sai daino mai ganguna gaba da baya.

## Lambar da ke ƙasan takarda

Injin iska yake shaƙa, iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kauri. Injin da ba shi da tabo yakan rasa wajen kashi 3 a duk mita 300 na tsayi, a birni irin Denver mai mita 1,600 abin ba kaɗan ba ne. Don haka kwamfutar daino na gyara lambar ta koma kamar a yanayi ɗaya aka yi. Ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin mota, SAE J1349, na ɗaukar zafi digiri 25 da matsin iska kPa 99, tsohon ma'auni da ake rubutawa STD kuma na ɗaukar iska mai sanyi da kauri, digiri 15.6 da kPa 101.3, sai ya ba da lamba sama da kusan kashi 4. A mota mai doki 330 a taya wannan doki 13 ne, wato ya fi abin da nauyin tayar ya ci a lissafin da aka yi a sama. Mutum biyu za su yi ta musu kan taya alhali ɗaya takardarsa SAE ce ɗayan STD.

## Ra'ayoyi uku da hujjar kowa

Ɓangare na farko suna cewa a mayar da tayar kamfani ko a ari ta kwalta a yi gwajin. Hujjarsu ita ce tsaro, sannan lambar za ta yi kusa da ta sauran motoci irinta, kuma zanen zai fito sumul yadda mai saita kwamfutar injin zai ga ƙaramin canji. Idan abin da ake son sani shi ne ko sabuwar salansa ko sabon saiti ya ƙara wani abu, wannan hujja ce mai ƙarfi. Rauninta kuma, lambar ba ta motar da mutumin ke hawa kullum ba ce.

Na biyu suna cewa a gwada da tayar da ake yawo da ita, don ita ce gaskiyar abin da ke isa ƙasa, kuma saitin lokacin canza giya a otomatik da nauyin da injin ke ɗauka duk sun dogara da tayar. Wannan ma magana ce. Sai dai "gaskiyar" tasu ba cikakkiya ba ce, don a daino mai ganga ɗaya tayoyin gaba a tsaye suke, motar ma ba ta motsi, babu iskar da ke dukan motar da aka ɗaga. A hanya tayoyi huɗu ake juyawa kuma ana ɗauke da su, da lissafin ɗazu ƙarin kilo 52 na ɗauka da wajen kilo 40 na juyawa, kusan kilo 90 kenan a kan mota mai tan 2 da ɗoriya. Wato daino na ƙara asarar roba, yana rage asarar nauyi, asarar giya kuma ba ya nuna ta a lambar doki ko kaɗan.

Na uku su ne masu na'urar da ake cire taya. Babu sulɓi, babu iska, babu bel, babu tsakuwa, kuma lambar takan maimaitu daidai. Don saita injin babu kamarta. Amma ga mai tambayar "nawa tayata ta ci?" ba ta da amsa, tunda tayar na jingine a bango.

Idan aka duba da kyau ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Mai son sanin abin da taya ta ci, hanya ɗaya ce mai ma'ana: na'ura ɗaya, rana ɗaya, giya ɗaya, ma'aunin gyara ɗaya, zafin injin da na mai iri ɗaya, a yi aƙalla sau 3 da tsohuwar taya a yi sau 3 da sabuwa, a duba tazarar. Lamba ɗaya tilo ba ta faɗin komai.

## Yadda kamfanoni ke yi, da maganar canza giyar aksul

F-150 ta yau da kullum na zuwa da aksul irin 3.31, 3.55 ko 3.73. Raptor mai taya 35 kuma 4.10 aka sa mata. Jeep da ya fito da Wrangler mai taya 35 a 2021 sai ya sa 4.56, Ford Bronco mai taya 35 kuma 4.70. Ba injin suka fara taɓawa ba, haƙoran aksul suka canza, suka saita maleji, suka gyara birki da ƙafa.

Lissafin mai sauƙi ne, tsohuwar giya a ninka da sabon tsayi a raba da tsohon tsayi. 3.73 sau 35 a raba da 31.6 ya ba da 4.13, mafi kusa a kasuwa 4.10. Da taya 37 ya ba da 4.37, mutane da yawa sai su haura 4.56 don rama nauyi. A cikin kwandon, galibi babban faranti mai haƙora 41 ne, ƙaramin da ke juya shi in yana da 11 ya ba da 3.73, 10 ya ba da 4.10, 9 ya ba da 4.56, kuma raguwar haƙoran ƙaramin na nufin kowane haƙori na ɗaukar ƙarin nauyi, don haka abin na da iyaka. Mota mai ja da ƙafa huɗu dole a canza gaba da baya su zo ɗaya. Bayan an gama wannan aikin direba zai ji motarsa ta dawo hayyacinta, amma idan ya koma daino lambar doki kusan tana inda take, don ba a ƙara wa injin komai ba.

## Abin da ya shafi mai mota

Mafi yawan masu sa babbar taya ba za su taɓa hawa daino ba, amma lissafin nan na bin su duk inda suka je. Maleji juyin taya yake ƙirgawa. Da taya 35 a madadin 31.6, allura na nuna 100 motar na gudun kusan 111, kuma duk kilomita 1,000 da ta rubuta an yi 1,108. Lokacin juyen mai sai ya riƙa wucewa ba a sani ba, lissafin shan fetur ma ya karkace, motar ta ƙara sha da gaske amma malejin ya sa abin ya fi muni a ido. Birki ma wancan nisan baki da tsakiyar ya shafe shi, ƙarfin tsayarwa ya ragu da kusan kashi 10 a taku iri ɗaya ga ƙarin nauyi, kuma wanda ke jan tirela ko ɗaukar kaya shi ya fi jin wannan. Giya otomatik ta riƙa hawa da sauka a ɗan tudu kaɗan, man giyabos ya riƙa zafi, boris da kayan sitiyari su riƙa saurin ci.

A wajenmu ma abin na nan, ko da ba a kai inci 35 ba. Hilux da yawa da 265/65R17 suke zuwa, inci 30.6, kuma masu shiga daji da yashi sukan koma 285/70R17, inci 32.7. Bambancin kashi 7 ne, allura na 100 kana 107, alhali iyakar da hukumar FRSC ta sa wa ƙananan motoci a babban titin ekspres 100 ce. A Hilux mai injin fetur lita 2.7, wadda dama ba ta da rarar ƙarfi, kashi 7 na turi abu ne da ake ji da kaya a baya. Manhajar GPS a waya ta isa a gane tazarar, a riƙe gudu ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya wani na gefe ya kwatanta, a motoci da dama kuma ana iya shigar da sabon girman tayar a kwamfutar mota. Tayar safaya, wato ta ajiya, ita ma sai ta zo girma ɗaya da sauran, don gajeriyar taya ɗaya a mota mai ja da ƙafa huɗu tana wahalar da aksul.

Masu sayen Tundra ko Tacoma 'yar kwatano da ta zo daga Amurka da manyan tayoyi a ƙafarta, akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ke nuna girman tayar da kamfani ya sa. A kwatanta da wadda ke ƙafar, a tambayi ko an canza giyar aksul, a kuma gwada malejin da GPS. Idan ba a taɓa saita shi ba kuma motar ta daɗe da tayoyin, mil 100,000 da ke rubuce na iya zama 110,000.